Ɗakin da Ƙarfe Ba Ya Shiga

"Ku fitar da ni! Wallahi ba zan iya ba!"

Karo na biyu ke nan Sista Dorothy tana jawo ni daga cikin na'urar ɗaukar hoto ta MRI. Rami ne matsattse, ga ƙara kamar harbi. Ina shiga sai in ga kaina a kwalbatin unguwarmu ta Ajilari, inda na ɓuya ranar da aka kashe mahaifiyata.

"Siddiƙa, saurare ni," in ji ta. "Wani tabo ne a zuciyarki yake rikita bugunta. Sai hoton nan ya nuna shi likitoci za su san inda za su ƙona. Babu hoto, babu aiki."

Daga bakin ƙofa na hango Babakura, wanda zan aura, idanunsa jawur.

"Sanyin idona, da ana barina..."

Ba a barinsa ya shigo. Tun bam ɗin kasuwa akwai guntun ƙarfe a kafaɗarsa, maganaɗisun ɗakin kuwa ba ya wasa da ƙarfe.

A bayansa mahaifiyarsa ce, Ya Gana, ta haɗe rai cikin laffaya. Ba dubiya ta zo ba, kowa ya sani. Ta rantse ɗanta ba zai auri jinya ba, ta zo ta ji da kunnenta likita ya tabbatar mata.

"Wai tsoron me take yi haka?"

Babakura ya faɗa mata a hankali. Ta juya ta dubi Sista.

"To ni fa? Babu ƙarfe a jikina."

"Mama, sai kin cire awarwaro," in ji Sista. "Da zoben hancin nan."

"Ya...!" in ji Babakura. Haka yake kiran mahaifiyarsa.

Mahaifinsa ne ya saya mata zoben. Tun da mijin nata ya ɓace a hanyar Bama ba ta taɓa cire shi ba, ko rana ɗaya.

Ta murza shi da ƙyar, har ƙwalla ta taru mata, ta danƙa wa ɗanta.

Ƙamshin humrarta ne ya fara iso ni. Ta kama ƙafata da hannu biyu.

"Ba harbi ba ne, yarinya. Ni na san harbi. Kwanta."

Na kwanta, aka mayar da ni ciki. Ina kuka, amma ban motsa ba. Duk lokacin da aka ce in riƙe numfashi, sai in ji ta matsa ƙafata.

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro!" in ji Sista daga baya. "Wannan zai gyaru, in Allah ya yarda."

Da muka fito, Babakura ya miƙa wa mahaifiyarsa zobenta. Ta karɓa, ta harare ni, ta cusa min a tafin hannu.

"In an gama aikin ki je a huda miki hanci, 'yata. Amarya ba ta shiga gidana da hanci haka."