Raket Ɗin da Ya Sauya Hali

Ƙwallon farko da Ibtisam ta buga ranar Alhamis da safe ya tsallake raga, ya tsallake layin ƙarshe, ya haye waya, ya faɗa lambun da ke bayan filin tanis na Kongo. Na biyu ya mutu cikin raga. Na uku ya shiga, amma sai da ta saki raket ɗin ta dafe gwiwar hannunta.

"Koci," in ji ta, "wannan ba raket ɗina ba ne."

Malam Harold, mutumin Wusasa da ke horar da ita, ya ɗauka ya jujjuya. Launi ɗaya, tambari ɗaya, koren tef ɗin da ke naɗe a mariƙi ma ɗaya. Ya buga tsirkiyar a tafin hannunsa ya kasa kunne, sai fuskarsa ta sauya.

Ranar Asabar za ta kara da Jessica, kuma wadda ta yi nasara ita kaɗai za a ɗauka cikin tawagar da za ta je gasar jami'o'i. Raket ɗin kuwa yayanta Haisam ne ya aiko mata daga ƙasar da yake karatu, babu irinsa a shagunan Zariya.

Kafin azahar mahaifinta ya riga ya yanke hukunci daga ofis, kamar yadda maza kan yi in an ba su labari ta waya. Wai kocin ne, tunda shi ya sa wa raket ɗin sabuwar tsirkiya ranar Litinin. Ya kira maƙwabcinsa na unguwar Kwarbai, Sufeto Isma'ila, ya roƙe shi ya duba lamarin ba tare da an buɗe fayil ba.

Sufeto ya kama ɓarayin babura da na shanu, amma bai taɓa taka filin tanis ba. Da ya isa filin, ya dubi abin da ke hannun yarinyar ya ce, "To, me aka sace?"

"Raket, Baba Sufeto."

"Wannan fa?"

"Raket ne."

"Naki?"

"Kamar nawa."

Ya cire hula ya sosa kai. "Yarinya, an kira ni kan sata, na zo na tarar da kaya a hannun mai shi. Yi mini bayani kamar kina yi wa kakarki."

Ta ce nata ba ƙarfe ba ne, ba katako ba, wani haɗi ne mara nauyi mai ƙarfin gaske. Ko ƙwallo ya sauka a gefen tsirkiya, raket ɗin ba ya karkacewa, yakan mayar da shi inda aka nufa. Yakan shanye girgizar bugu kafin ta kai gwiwar hannu. In ta share ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, tsirkiyar takan cije shi, ya tafi yana juyi kamar zai fita, sai ya nutse dab da layi. Wannan kuwa, in ta buga da ƙarfi ƙwallo ya tafi lambu, in ta sassauta ya faɗa raga, kuma kowane bugu sai ta ji shi har cikin haƙoranta.

"Ba hannunki ne ya kwana da gajiya ba?"

Sai ta karɓi tsohon raket ɗin Harold ta buga ƙwallaye kaɗan. Duk suka shiga, sai dai a sanyaye, irin waɗanda Jessica za ta mayar tana hamma. Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gane. Abin da ya gane kawai shi ne akwai raket uku a maganar: mai kyau da ya ɓace, marar kyau mai kama da shi, da tsoho mai gaskiya amma ba ƙarfi.

Ya fara da Harold a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya.

"Ranar Litinin yana hannunka?"

"Yana hannuna. Na sa tsirkiya, na naɗa tef, na miƙa mata."

"Ta buga da shi bayan nan?"

"Talata. Ka tambayi kowa, ƙwallo har kuka yake yi."

"Laraba fa?"

"Ba ta zo ba, ana suna a gidansu. Jakar ta bari a ɗakin ajiyarmu tun Talata, sai Laraba da yamma ta biyo ta ɗauka."

"Makullin ɗakin?"

"Yana wurina." Harold ya yi murmushin takaici. "Na san yadda abin ya zauna, Yallaɓai. Amma dubi nan." Ya nuna mariƙin. "Wannan naɗin ba nawa ba ne. Ka ga yadda tef ɗin ya hau yana zagayawa ta wannan gefen? Naɗin mai buga da dama ke nan. Na Ibtisam ta ɗaya gefen nake naɗawa, don gaɓar tef ta kwanta tare da yatsunta. Bahaguwa ce."

Sufeto ya duba. Shi dai kore ya gani an nannaɗe. Ya sa a ransa cewa mai laifi ma yana iya naɗawa a karkace don ya ce ba shi ba ne, sannan ya tambayi kansa, in haka ne don me zai naɗa yadda za a gane an taɓa? Kansa ya fara ciwo.

Jessica tana zaune a benci tana ɗaure takalmi. Ita ce wadda ɓatan raket ɗin zai fi amfana.

"An ce kin ari raket ɗin ranar Talata."

"Na ara, na buga, na ji haushi, na mayar."

"Haushin me?"

"Yallaɓai, abin nan ko kai ka riƙe shi sai ka zama ɗan wasa. Ban da kai dai, na ga yadda ka riƙe shi ɗazu kamar matankaɗi."

"Kina son cin wasan Asabar?"

"Sosai ma. Amma in na ci ta da wancan kwanon, har in tsufa ana cewa ba ni na ci ba." Ta ɗaga murya. "Bahaguwa! Ki nemo kayanki, ba na son uzuri!"

"Za ki sha mamaki!" Ibtisam ta amsa daga nesa.

Sufeto ya lura har mai share fili ma Bahaguwa yake kiranta. Bai ga amfanin wannan sani ba, ya hau babur ɗinsa ya shiga birni.

A gidan su Ibtisam rumfar suna tana nan ba a kwance ba. Kakarta, Hajiya Adama, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a soro na biyu, kuma ta riga ta gama nata binciken.

"Baki ne, Isma'ila. Ba wata sata. Abu ya shigo gida, kowa ya taɓa, kowa ya yaba, babu mai cewa tubarkalla. Ai dole ya lalace."

Baki dai an daɗe ana ɗora masa kayan da ba nasa ba, tun daga madarar da ta tsinke har jarrabawar da ba a yi wa karatu ba. Sufeto bai musa ba, don ba a musu da Hajiya Adama a soronta.

"Ina jakar ta kwana?"

"A falon babanta, bayan kujera. Mutane kuwa jiya kamar kasuwa."

Wato waɗanda ake zargi sun tashi daga biyu sun koma rabin Kwarbai. Yana cikin wannan lissafi Ibtisam, da ta riga ta dawo daga fili, ta kawo masa sauran wainar suna da miya. Ta durƙusa ta ajiye da hannun dama, ta zuba ruwa da dama, ta miƙa cokali da dama. Ya bi hannun da kallo.

"Hajiya, wannan jikar taki ba bahaguwa ba ce?"

Ibtisam ta daskare.

"A'uzubillahi! Da can dai, tana rarrafe. Ni na gyara ta da kaina. Ta miƙo hagu in ƙi karɓa, ta sa hagu a kwano in ɗauke kwanon. Kafin a yaye ta ta bari. A gidan nan babu bahago."

Yarinyar ta yi masa wani kallo na roƙo, ta fice. Sufeto ya ci waina ɗaya a hankali.

"Wa ke zuwa kallonta daga gidan nan?"

"Wa zai je? Ubanta ya ƙyale ta ne kawai. Baffanta Zulkiflu kuwa cewa ya yi ƙafarsa ba za ta taka inda 'yar gidan malamai ke tsalle-tsalle ba."

Kamar an kira shi, sai ga Alhaji Zulkiflu, ƙanin mahaifin Ibtisam, ma'aikaci a Kaduna, wanda ya zo suna bai koma ba tukuna. Suka gaisa.

"Har 'yan sanda aka kira kan abin wasan yara?" in ji shi. "Ni na faɗa tun farko, a raba ta da wannan shirme."

"Ni ma ban gane kansa ba, Alhaji," in ji Sufeto, kuma gaskiya ya faɗa. Ya zaro raket ɗin da ya taho da shi daga fili, ya kama shi ta wuya, ya kaɗa shi sama da ƙasa kamar mai korar ƙuda. "Haka ake yi?"

Zulkiflu ya kau da kai. Sufeto ya sake kaɗawa, har bakin raket ɗin ya kusa gogar ƙasa.

"Haba, Sufeto! Kawo." Ya karɓa, ya kama mariƙin kamar mai gaisawa, ya ja ƙafa baya, ya share iska daga ƙasa zuwa kafaɗa, babbar riga tana binsa. "Ka gani? Da kafaɗa ake bugu, ba da wuyan hannu ba."

"Ashe gwani ne."

"Yakan buga da manyan ofishinsu a can Kaduna," in ji Hajiya da alfahari. "Shi ai namiji ne."

Sufeto ya ajiye cokali. Ya sa a kira Ibtisam.

"Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, 'yata, babu wata hanya. Hajiya, an ɗauke raket na gaskiya an ajiye jabu. Na gaskiyan yana da koren tef, don haka sai da ɓarawon ya sayo irinsa ya naɗa wa jabun. Ya naɗa tsaf, yadda sai ɗan wasa ke iyawa, wannan ya fitar da baƙin suna da mu 'yan matankaɗi. Amma naɗin mai dama ya yi. A filin Kongo har mai shara ya san da hagu take bugawa. Kocinta ba zai yi wannan kuskure ba, abokiyar karawarta ma haka. Sai wanda ya san tanis, kuma ya san Ibtisam, amma a gida kawai ya san ta, inda take miƙa ruwa da dama."

Zulkiflu ya buɗe baki, amma Hajiya ta riga shi.

"Da hagu? Ibtisam, da hagu kike bugawa? Duk wahalar da na sha?"

"Hajiya, da dama ko raga ba na tsallakewa."

"Innalillahi." Ta dubi jikarta, sannan ta juya ga ɗanta Zulkiflu. "Kai kuma, ina makullin motarka?"

"Hajiya, wai ni za a..."

"Ba 'wai' na tambaye ka ba."

Raket ɗin yana cikin but ɗin motar, a naɗe cikin sallaya. Zulkiflu ya ce aro ya yi, akwai gasar ma'aikata a kulob ɗinsu, kuma daraktansa ya daɗe yana lallasa shi. Tun zuwansa na baya ya ga raket ɗin, ya samo mai kama da shi a kasuwar Kaduna.

"Na ɗauka ba za ta gane ba," in ji shi, yana kallon tayar mota. "Wasan mata ne, na ce ko da faranti ai za ta buga."

Zafin but ya saki tsirkiyar, sai da Harold ya sake sa wata ranar Juma'a. Mahaifin Ibtisam ya je Wusasa da ƙafarsa ya ba shi haƙuri. Hukuncin Zulkiflu kuwa Hajiya ce ta yanke: shi zai kai yarinyar fili ranar Asabar, ya ɗauki jakarta, ya tsaya har a tashi.

Sufeto ma ya je, ya ce don ya rufe bincike. Ya ga ƙwallon Ibtisam yana tashi kamar zai fita, sai ya nutse a kan layi, Jessica tana bi tana zagin takalminta. Ya ga Jessica ta rama, ta sake ramawa. Alƙalin wasa yana ta kiran sha biyar, talatin, arba'in, sannan ya koma babu, kamar mai ƙidayar da ke mantuwa. Rana ta take. Can sai 'yan matan biyu suka zo raga suka rungumi juna, dukansu suna dariya, dukansu suna share ido.

Sufeto ya waiwaya neman mai fassara. Zulkiflu ne kusa da shi, ya riƙe wayar shinge da hannu biyu, hularsa ta faɗi ƙasa bai sani ba.

"Alhaji, don Allah wa ya ci?"

"Ba ka ga bugun ƙarshen nan ba? Daga kusurwa zuwa kusurwa! Ni shekara nawa ina neman bugun nan ban samu ba." Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe, muryarsa ta yi ƙasa. "'Yarmu ce ta ci."