Yaron da Ya Naɗe Hannunsa da Tsumma

Akwai wani yaro ɗan aji uku da ake ce wa Auta. A filin ƙwallo babu kamarsa. In ya tsaya a raga, ƙwallo sai dai ta nemi wata hanya. Amma da an ce a fito da fensir, sai ka ga jikinsa ya yi laƙwas.

Rubutu ne ya gagare shi. Haruffansa ba sa zama a kan layi. Wannan ya hau sama, wancan ya gangara ƙasa. Yakan danne fensir har bakinsa ya karye, wani lokaci ma takardar ta huje. Kafin ya yi nisa, yatsunsa sun fara zugi.

Wata rana abokin zamansa ya leƙo littafinsa. Ya ce, "Kai Auta, tururuwa ce ta faɗa tawada ta bi ta nan?"

'Yan aji suka kwashe da dariya. Auta ya rufe littafin, kunya kamar ya nutse. Ana cikin haka Malama ta ce gobe akwai shifta.

Washegari Auta ya zaro wani tsohon tsumma daga kwandon ɗinkin Mama. Da ya zo bayan katangar makaranta, ya naɗe hannunsa na dama tam. Ya shiga aji yana yamutsa fuska.

Malama ta ce, "Subhanallahi! Me ya sami hannunka?"

"Ƙofa ce ta datse ni, Malama."

"Ayya, sannu. Ajiye fensirin, ka huta. In an tashi zan bi ka gida in yi wa Mamanku jaje."

Wannan bai zo cikin dabarar Auta ba.

Da aka fita tara, 'yan ajinsu za su kara da 'yan aji huɗu. Auta ya manta da komai, ya ruga raga. Malamin wasanni ya daka masa tsawa.

"Ina za ka da wannan hannu? Mai ciwo ba ya tsaron raga. Jeka ka zauna a inuwa."

Aka sa wani yaro a madadinsa. Ba a jima ba aka fara zura musu ƙwallo. Auta ya kasa kallo. Ya juya, ya bi ta bayan azuzuwa yana shure tsakuwa.

Can ya ji warin fenti. Ya ɗaga kai, sai ga wani dattijo a kan tsani, a jikin bangon sabon ɗakin karatu. Gwangwanin fenti na rataye a tsanin. Mai rubutun bango ne da makaranta ta ɗauko.

Auta ya tsaya cak.

Dattijon ya tsoma buroshi a fenti, ya goge bakinsa a gefen gwangwani. Ya ɗora shi a bango, ya ja shi ƙasa a hankali. Layi ya fito a miƙe sambal, kamar an auna shi da zare. Ya murɗa hannu, sai ga ciki ya zagayo. Ya sake murɗawa. Harafin B ya tsaya a bango, ya kusa kai tsawon Auta, yana ƙyalli a rana.

Harafin A ya biyo baya, ƙafafunsa a buɗe kamar soja. R ta zo ta tsaya kusa da shi. Babu wanda ya fi wani tsawo. Babu wanda ya matse ɗan'uwansa. Ko ɗigo ɗaya bai zuba ba.

Auta ya saki baki. Bai taɓa sanin rubutu na iya yin kyau haka ba. Ihun 'yan ƙwallo ma ya daina jin sa.

Da dattijon ya gama BARKA, ya sauko don ya matsar da tsani. A nan ne Auta ya lura da abin da ya sa tsigar jikinsa ta tashi. Da hannun hagu mutumin yake rubutu. Hannun rigarsa na dama a naɗe yake, an maƙale shi da fil. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa babu komai.

Dattijon ya yi murmushi. "Samari, rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga. Zo ka riƙe mini gwangwani."

Auta ya karɓa da hagu. Ya ce, "Baba, da hagu aka haife ka kana rubutu?"

"Ina! Da dama na saba. Injin niƙa ne ya cinye mini hannu, ina da aure har da 'ya'ya."

"To yaya ka yi?"

"Na koma ɗan aji ɗaya. Ranar da na fara da hagu, ƙaramar 'yata ta duba ta ce, 'Baba, wannan gizo-gizo ne ko kunama?' Alhali sunana na rubuta."

Auta ya yi dariya, dattijon ma ya yi.

"Sai na bar takarda, na koma kan yashi. Manyan haruffa nake ja da yatsa, in share, in sake. Kullum kaɗan. Har hannun ya gane abin da nake nufi." Ya dubi tsumman Auta. "Kai kuma fa, ɗana? Me ya sami naka?"

Auta ya buɗe baki zai ce ƙofa. Ya dubi hannun rigar nan da babu komai a ciki. Ya dubi nasa hannun, lafiyayye garau a cikin tsumma. Hawaye suka zubo masa.

"Babu abin da ya same shi, Baba. Shifta nake gudu. Rubutuna ba kyau."

Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ya dafa kansa ya ce, "To ba ni za ka gaya wa ba. Ka san wadda ya kamata ta ji."

Auta ya warware tsumman. Ya tafi aji. Malama na zaune ita kaɗai tana duba littattafai. Ya durƙusa ya gaya mata komai.

Malama ta ce, "Ƙaryar ta ɓata mini rai, Auta. Da bakinka za ka gaya wa Mamanku, ka kuma ba 'yan ajinku haƙuri. Amma tukuna, ɗauki fensir in ga yadda kake rubutu."

Ya ɗauka ya dunƙule shi cikin tafinsa.

"Kai! Ka shaƙe shi kamar ya yi maka sata. Ba dole yatsunka su yi zugi ba? Me ya hana ka gaya mini?"

"Kunya nake ji, Malama."

Ta gyara masa riƙo. Babban yatsa da manuni su kama, na tsakiya ya tallafe. Ta ce ya miƙe bayansa, ya ɗan karkata takardar. Ta ba shi wani fensir mai kauri. Ta ce, "Ka bar shi ya yi tafiya, kada ka tura shi."

A gida Mama ta ji labari. Ta ja masa kunne sosai a kan ƙarya. Sannan ta ɗauko tsohon faranti, ta cika shi da yashi, ta ajiye masa a bakin ƙofa.

Kullum da yamma Auta yakan zauna ya ja haruffa da yatsa. Ya share, ya sake. Yayarsa tana faɗa masa kalmomi. Wata rana abin ya yi kyau, wata rana ya ɓaci har ya ji kamar ya kifar da farantin. Amma bai daina ba. Daga yashi ya koma takarda mai manyan layuka. Sannu a hankali haruffan suka fara zama wuri ɗaya.

Ana dab da hutu, wata safiya Malama ta miƙo masa alli.

"Auta, zo ka rubuta mana kan darasin yau."

Ya fita gaban allo. Ya ja numfashi. Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi. Da ya gama ya ja da baya, ya tsaya yana kallo kamar ba shi ya yi ba.

Wata yarinya daga bencin ƙarshe ta ce, "Malama, har nan ina iya karantawa!"

Tafi ya ɓarke. Malama ta ɗaga hannu aka yi shiru.

Ta ce, "Yara, kun gani. Wanda abu ya yi wa wuya, kada ya ɓoye, kada ya yi ƙarya. Ya faɗa a taimake shi. Kyawun rubutu kuwa ba a haihuwar kowa da shi. Da haƙuri da yawan gwadawa ake samunsa."

Auta ya koma mazauninsa, yatsunsa fari fat da alli, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.