Takardar Haihuwar Madina

Rauda na tsakar gidansu a Daura tana tankaɗen garin tuwo, wayarta ta yi ƙara. Saminu ne, mijinta, daga Kanada inda ya shekara biyar yana aikin jinya. Mutumin da kullum sai ya tsokane ta da "amaryar waya", yau ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Bizarki ta fito," in ji shi. "Ta Madina ce suka hana."

Ta ajiye rariyar. Madina ce 'yarsu ta fari, ita kaɗai kuma. Ranar da aka yaye ta aka kai ta Sandamu wurin Zinariya, yayar Saminu, wadda ta shekara ashirin a ɗakin miji ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Da za a sa yarinyar makaranta, Malam Audi mijin Zinariya ya yi mata takardar haihuwa, ya rubuta sunansa a uba, na matarsa a uwa. Har albarka dangi suka sa masa a lokacin. To, Bature bai san riƙo ba, takarda ya sani.

Lauyan da Saminu ya tuntuɓa ya ce dole Zinariya ta je kotu ta rantse ba ita ta haifi yarinyar ba, sannan a yi gwajin jini. Bizar Rauda kuwa wata uku gare ta.

Washegari ta shiga motar Sandamu. Ta tarar Zinariya na yi wa Madina kitso, yarinyar ta ɗago da fara'a ta ce, "Sannu da zuwa, Anti Rauda." Ta saba jin haka, amma yau sai da ya soke ta. Ita ma, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ya kawo ta.

"In tsaya gaban alƙali in ce ba 'yata ba ce?" in ji Zinariya. "Ni na yi jinyar ƙyandarta, Rauda. Ke Allah zai ba ki wasu. Ni fa?"

Rauda ta dawo tana kuka a mota.

Gida ya rabu biyu. Surukarta ta ce kyauta ba a karɓe ta, 'yan uwanta suka ce a kai ƙara, Saminu kuma ya ce ta taho ita kaɗai, sa nemi ta yarinyar daga baya. Allah ya sani tana son mijinta, kewar shekara biyar ba wasa ba ce. Amma ta san in ta tafi Madina ta zauna ke nan, in kuma aka kai Yaya kotu zumunci ya mutu. Ta ce masa ba za ta iya ko ɗaya ba. Ya kashe waya, ya yi wata guda bai kira ba, bizar kuma ta ƙare a ƙasan akwati.

Duk da haka kowace Juma'a sai ta je Sandamu, ta yi musu wanki, ta dawo, ba ta sake ta da maganar ba.

Bayan an gama girbin gero, wata hantsi sai ga Zinariya da Madina, ta miƙo mata takarda cikin leda, da shaidar babban yatsanta a ƙasa.

"Na ji kin bar bizarki ta mutu don kada ki tozarta ni," ta ce. "Na rantse. Gaskiya na faɗa, amma wallahi ji na yi kamar na yi ƙarya." Ta juya ga yarinyar. "Gai da uwarki. Umma za ki ce."

Madina ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta ƙanƙame zanen Zinariya. Rauda ta durƙusa hawaye na zuba, karo na farko ta kira sunanta.

"Madina, kada ki saki zanen. Mama tana nan a Mamarki, ƙari kika samu."

Sai da aka sake shekara guda ana cike-cike kafin bizar su biyu ta fito. Saminu ya nemi gafarar matarsa da ta yayarsa. Abin da ƙara za ta ƙwato da tsiya, haƙuri ya kawo shi har gida, zumunci kuma bai karye ba. Har yau kowace Juma'a Madina na kiran Sandamu, Zinariya kuwa tun asuba take sa wayarta a caji.