Layi Na Tara A Fom Ɗin Auta

Kwalin katin biki bai yi awa biyu da isowa daga wurin masu bugawa ba Umma ta ture shi gefe da bayan hannu, ta shimfiɗa fom ɗin Auta a kan tebur.

"Zauna, 'yata. Dama ke nake jira."

Wadda aka ce ta zauna ɗin malamar ba da shawara ce a babbar sakandaren da Auta za ta shiga. Ɗalibai Anti Fom suke ce mata, don ba a taɓa ganin ta babu takarda a hannu ba. Saura mako biyar aurenta da babban ɗan gidan, wanda kowa ke kira Injiniya, ko da yake in za a faɗi gaskiya wayar wuta yake ja a gidajen mutane. Ta zauna a bakin kafet kanta a ƙasa. Shi kuwa ya jingina da ƙofa yana juya makullin babur a yatsa, abin da yake yi ke nan in ya san akwai magana.

Umma ta ɗora yatsa a ƙasan fom ɗin. "Wannan layi na tara, me aka ce a rubuta?"

"Darasin sana'a ne, Umma. Ɗinki, ko aikin katako, ko lantarki. Ɗaya za ta zaɓa."

"Ba ta zaɓar ko ɗaya. Likita za ta zama. Ki goge, ki ƙara mata sayans a wurin."

Auta, wadda ke kwance a doguwar kujera tana latsa waya, ta ɗago kai. "Anti, filis. Ni fa ko zare ban iya sa wa allura ba. Siriyos."

Malama ta yi murmushi, ta yi bayani a hankali yadda take yi wa iyaye kowace shekara. Darussa tara ne, kuma na taran dole ne. Makinsa tun daga zangon farko ake tara shi har ajin ƙarshe. Yaron da ba shi da makin, ko ya cinye sauran takwas ɗin tas, ba za a ba shi satifiket na kammalawa ba.

"Abin da ke da ban tsoro, Umma, yau ba wanda zai gani. Sai bayan shekara uku."

Umma ta juya ta dubi ɗanta. "Miƙo hannunka ta gani. Dubi nan — duk tabo, duk kanta. Huɗu na haifa, uku da hannu suke ci. Wannan ɗayar ce ta rage mini, ita ma in ba ta guduma? Sa hannu ɗaya ne fa. Biro naki, tambari naki, wa zai bincike ki?"

"Ki yi haƙuri, Umma. In na sa hannun nan, na cuce ta."

Umma ta ninke fom ɗin gida huɗu.

"To. Tun ba ki shigo gidan ba ke nan."

Injiniya ya raka Malama bakin titi. Mutum ne da ke hawa dogon tsani ya kama waya mai wuta ba tare da gabansa ya faɗi ba, amma idon uwarsa bai taɓa iya kallo ba.

"Ki sa hannun kawai," ya ce. "Bayan biki sai mu san yadda za a gyara."

"Ba ya gyaruwa. Ranar Juma'a ake tura sunaye da darussa, daga nan an rufe."

"Yanzu takarda ta fi ni ke nan?"

"Ƙanwarka ce a takardar."

Da bas ta zo ta shiga, ta zauna ta taga tana jiran ya ɗaga mata hannu kamar kullum. Yana can yana duban makullinsa.

Ranar Litinin aka buɗe makon karɓar sababbin ɗalibai. Malama ta tsaya a babban zauren makaranta gaban yara ɗari biyu da iyayensu, ta rubuta darussan tara a allo, ta ja layi biyu a ƙarƙashin na ƙarshen. Ta nuna musu ofishinta, ƙofa ta uku bayan laburare, ta ce duk wanda ya ji karatu ya yi masa nauyi ya zo tun kafin ya faɗi. Duk maganar nan da take yi idonta na kan kujera ɗaya a layi na biyu mai sunan Auta. Har aka tashi ba wanda ya zauna a kai. Da rana labari ya iso mata: Umma ta kai Auta wata makaranta a bayan tasha, inda ake cika fom yadda uba ko uwa suka ga dama, a kuma raka su har ƙofa da godiya.

Ba a ce an fasa auren ba. An ce an ɗaga, kuma kowa ya san irin ɗagawar da ba a faɗar sabuwar rana. Bayan kwana uku wani direban tasi ya ajiye kwalin katin a ƙofar gidansu, ba ko saƙon baki.

Babanta ne ya shigo da shi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar mahaifiyarta. Ya zaro kati ɗaya, ya gyara tabarau, ya karanta sunansa da aka rubuta da ruwan zinari a sama, inda yake gayyatar jama'a. Sau biyu ya karanta.

"Kin yi daidai, uwata," ya ce.

Sai ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Tana jin tarinsa, tana kuma jin abin da ba tari ba.

Goggonninta kuwa ba su raga mata ba. Babbar ta zo takanas ta ce, "Ke wace irin yarinya ce? Mutane na rasa miji saboda rashin tarbiyya, ke kin rasa naki saboda layi. Layi fa! Gobe sai ki dafa wa layin abinci." A ofis abokan aiki suka daina tambayar ranar biki, kuma wannan shirun ya fi tambayar ciwo. Ta rame. Tana ba 'ya'yan mutane shawara daga safe zuwa ƙarfe biyu, ta koma gida ta rasa wadda za ta ba kanta. Sau da yawa ta kan ɗauki biro ta dube shi, ta ce da ma ta sa hannun ta huta, sai kuma kunyar tunanin ta kama ta.

Injiniya ya kan kira duk wata biyu ko uku. Maganar ɗaya ce. "Ina lallaɓa Umma. Ki ƙara haƙuri." Mutum biyu sun nemi aurenta, ta ce ba yanzu ba. Wauta ce, ita ma ta sani, amma zuciyarta ta ƙi jin magana.

A shekara ta biyu ciwon Baba ya tsananta. Shi da ya yi rayuwarsa cikin takardu bai yarda a jefar da takarda mai kyau ba, don haka ya dinga ɗaukar katin bikin yana rubuta lokutan shan magani a bayansu, ya jingina a jikin kofi. Wata ranar Laraba da hantsi tana aji aka kira ta, aka ce Baba ya rasu. Injiniya ya zo gaisuwa, ya tsaya can baya cikin mutane, ya tafi ba su haɗa ido ba. Daga nan ta daina ɗaga wayarsa.

Shekara uku cif, mako guda kafin sababbin ɗalibai su shigo, tana jera fom a tebur aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ce ta fara shigowa, ta yi tsawo, idanunta sun kumbura. Umma na bayanta, ta tsufa fiye da shekarun. Auta ta ajiye takardar sakamako. Darussa takwas, duk maki ne irin wanda ake mannawa a allon sanarwa. A ƙasa kuma, inda ya kamata a ce ta kammala, an rubuta cewa sharuɗɗa ba su cika ba.

"Jami'a ta mayar da ni, Anti," in ji Auta. "Sun ce ba ni da satifiket. Na je makarantarmu, sun ce ai mu muka zaɓa."

Umma ba ta zauna ba, ba ta kuma dubi kowa ba. Bango take wa magana. "An ce ke kika san hanyar."

Malama ta ji magana ta taso mata har maƙoshi, maganar da ta shekara uku tana shiryawa, da sunan Baba a ciki. Ta dubi kumburarrun idanun Auta, sai ta haɗiye maganar.

"Akwai hanya ɗaya, ba mai daɗi ba ce. Za ki yi rajista a nan tare da sababbin shiga. Darasin shekara uku za ki yi a shekara ɗaya, da safe tare da 'yan aji ɗaya, da yamma kuma awa biyu kullum. Kowace awa sai malami ya zauna da ke ya sa hannu."

"Wa zai yarda ya zauna da ni kullum har yamma?"

"Ni. Ba wanda ke jirana a gida."

Nan ne Umma ta nemi kujera ta zauna. Malama ta zaro sabon fom, ta nuna layi na tara, ta miƙa wa Auta biro. Auta ba ta dubi uwarta ba. Ta rubuta lantarki.

"Ko ba komai Yaya zai koya min," ta ce.

Ranar Litinin Auta ta zauna a layin ƙarshe na zauren, ta fi kowa tsawo, yara na waiwayenta suna ƙus-ƙus. Da aka zo tambayoyi wani uba mai kaurin murya ya miƙe ya ce ɗansa lauya zai zama, me ya haɗa shi da aikin katako, ai in an ga dama a ofis ana iya rangwame. Kafin Malama ta amsa Auta ta tashi.

"Baba, ka dube ni da kyau. Shekarata goma sha takwas. Ƙawayena suna jami'a, ni ga ni nan da ɗanka. Rangwamen da aka yi min ke nan."

Mutumin ya zauna. A ranar ba wanda ya bar layi na tara babu komai.

Shekarar ta yi tsawo. Injiniya ne ke zuwa ɗaukar Auta da yamma, ya kan tsaya a ƙofar ɗakin gwaji yana nuna mata yadda ake fere waya ba a yanke ta ba. Wata huɗu Malama ba ta ce masa komai ba sai amsa gaisuwa. Wata rana Auta ta fita wanke hannu, ya ce, "Ban da bakin magana. Na bar ki ke kaɗai, alhali na san ke ce da gaskiya tun a falon nan."

"Ka sani?"

"Na sani."

Wannan ya fi komai yi mata zafi, ta yi kukan da ba ta yi a gaban kowa ba tun rasuwar Baba. Bai ce ta yi shiru ba, ya tsaya har ta gama.

Da sakamakon Auta ya fito cikakke, Umma ta zo gidan da ƙafarta. Ta zauna a tsohuwar kujerar Baba ba ta san tasa ba ce, ta ce, "'Yata, na so yarinyar nan har na kusa kashe ta da so. Ke kuma na zalunce ki. Ki yafe min." Malama ta yafe, don ta gaji da ɗaukar abin.

Injiniya da kansa ya kai ta wurin masu buga kati. Mai shagon ya ce in suna da samfurin da suke so su nuna masa. Ta buɗe jaka ta zaro ɗaya daga cikin tsofaffin. Mutumin ya duba, ya ce ai komai ya yi, rana kawai za a canja ko?

"Da kalma ɗaya," ta ce. "Ka sa marigayi kafin sunan farko."

Da ya juya katin sai ga rubutun Baba a baya, ƙanana a jere: safe fari ɗaya, rana ja rabi, kada a manta da ruwa. Ta karɓe ta mayar jaka, ta ce wannan ba na bari ba ne.

An yi auren, Auta kuma ta shiga jami'a bayan sa'o'inta da shekara guda. Haƙuri ya biya Malama, amma bai dawo mata da duk abin da aka karɓe ba. Iyaye su sani, sharaɗin da aka ƙetare ranar shiga yana nan yana jiran yaro a ranar fita, kuma wanda ya hana ku ƙetarewa ba maƙiyinku ba ne. Ku ji maganarsa tun lokacin, kafin ya zama an gyara takarda amma wani da ya kamata ya ga ranar ba ya nan.