Sunan Rabe a Katin Huji

Safiyatu tana tankaɗe a tsakar gida, tana zuba wa mahaifiyarta, Inna Ma'u, surutun da ta saba duk hutu.

"Inna, kwamfuta fa ba ta da wayo! Abin da kika gaya mata shi take yi. Ki kuskure ɗigo ɗaya, ta watso miki aikinki."

"Ke da ko ganinta ba ki taɓa yi ba?"

"Tana jami'a a Zariya. Mu dai mu huda kati, tica ya aika, amsa ta dawo a takarda."

A 1977 ke nan, lokacin da kowane saurayi a Jibiya ya ɗaura agogo ya rataya rediyo. Ita ba wannan ne a gabanta ba. Tun da wani malamin lissafi Ba'indiye ya koya musu rubuta firogiram a makarantarsu ta kwana, yarinyar da ko hannu ba ta iya ɗagawa a aji ta koma ita ke gyara wa 'yan ajinsu kuskure. Rabe kuwa, saurayinta mai jan babbar motar kaya, kamyo, zuwa Maraɗi, iyayensa sun riga sun kai gaisuwa, ana jira ta gama makaranta.

Sai ga aike: Hajo, uwar Rabe, tana kiranta yanzu-yanzu. Rariya ta suɓuce daga hannunta. Yaushe aka fara kiran yarinya gidan surukai tun ba a ɗaura aure ba?

Rana tsaka ta shiga gidan. Tsit, ko kaza ba ta motsi. Matan maƙwabta sun yi cirko-cirko a ƙofar ɗaki, suka dare mata kamar mai ɗauke da wuta. Ciki duhu, sai warin jiƙo. An ce mata Rabe na ɗan zazzaɓi, amma wanda ta gani a tabarma ya rame, idanunsa a buɗe suna kallon azara, bai ma san ta shigo ba.

Ta durƙusa ta gaida Hajo. Ba a amsa ba. Tsohuwar ta zaro wani ƙunshin katuna daga ƙarƙashin matashinsa, ta ɗaga ɗaya a bakin ƙofa. Hasken rana ya ratsa hujin, ya zuba ɗigo-ɗigo a ƙirjin Rabe kamar ƙuraje. Ya yi wani nishi mai tsawo. Mata suka ɗauki salati.

"Mi ne ne wanga?" in ji Hajo. "An karanta mani, sunanshi ne a sama. Kin rubuta sunan ɗana kin bi shi da huji!"

"Inna, wallahi kyauta ce! Firogiram ne, in an sa wa na'ura sai ta buga sunansa manya-manya…"

"Da allura ake yin irinshi," wata ta raɗa daga waje. "Sammu ne."

Kai, mutanenmu! Abu in dai ba su san shi ba, to aljani ne ya haife shi. Amma a faɗi gaskiya, wace uwa ce za ta tsinci sunan ɗanta a huhhuje ƙarƙashin kansa, yana kwance rai a hannun Allah, ta yi dariya?

"Ko ki ƙone su da hannunki," in ji Hajo, "ko a maido mana kayanmu. Aure babu!"

Aikin zango guda ne, firogiram na farko da ya fito wa Safiyatu babu kuskure. Ta jera katunan a kaskon wuta tana hawaye. Hayaƙi ya riƙa fita ta hujin siri-siri kamar zare, ya miƙe bai tanƙwara ba. Rabe ya ƙwalla ƙara, mata suka watse har da barin takalma.

Washegari jikin ya ƙara rikicewa. Da hantsi sai ga Hajo da kanta a gidan su Safiyatu, mayafi a karkace. Ta zube gaban yarinyar da ta yi jika da ita.

"Na yarda kin fi ƙarfina, ɗiyata. Ki warware shi, ki faɗi abin da kike so!"

Safiyatu ta dube ta. Kalma ɗaya za ta faɗa, matar nan ta ji tsoronta har kabari. Ita ma ta durƙusa, ta riƙe hannunta.

"Don Allah tashi, Inna. Ba abin da na ƙulla balle in warware. Ticanmu ya ce in aiki ya ƙi, ba a zargi, bi ake layi-layi har a gano inda ya ɓaci. Kafin ya kwanta, me ya ci? Ina ya sha ruwa?"

Hajo ta ce, "Ya ce motar ta mutu mashi a daji… ya sha ruwan tabki."

"To Katsina za mu, asibiti, yau ɗin nan!"

Likita ya ce taifod ce, da an ƙara jinkiri da sai gawa. Rabe ya tashi. Da ya ji labarin ƙonawar, ya yi ta ba Safiyatu haƙuri, ta ce, "Sori na me? Firogiram ɗin yana nan a kaina."

Bayan jarrabawa aka ɗaura aure, kuma Hajo ce ta tsaya kai da fata sai an bar amarya ta wuce jami'a. Har ƙarshen rayuwarta Hajo ba ta gane aikin ba, ba ta taɓa kati sai da bisimilla. Amma duk wadda ta kuskura ta ce "sammu" a gabanta, ranar sai ta gwammace ba ta fito ba.

'Yan'uwana 'yanmata, ku ji da kyau: in an jahilce ku, kada ku rama da tsoratarwa. Da Safiyatu ta karɓi tsoron da aka miƙa mata, da ta rasa miji, ta rasa uwa. Ta yi haƙuri ta faɗi gaskiya, Allah ya bar mata duka biyun.