Sai Wumpini Ya Taka

Farhana na zaune a gidan iyayenta a unguwar Changli, ɗanta Wumpini a cinya. Ta tafa hannu daidai kunnensa, ko gezau! Watansa shida, wuya bai tsaya ba, idonsa ba ya bin fuskarta, murmushi kuwa ko sau ɗaya.

"Mma, anya yaron nan lafiya?"

"Rufe mana baki! Allah ya ba ki ɗa mai haƙuri, kina neman jaraba?" in ji uwarta.

Haƙuri dai, haƙuri dai, da wannan yabon aka cinye wata shida ba a kai shi awo ba.

A al'adarsu, mai haihuwar fari ba ta komawa ɗakin miji sai ɗanta ya taka. Ranar da surukarta Hajiya Ajara ta zo, ta ɗaga jikan, kansa ya langaɓe baya. Ta dire shi.

"Wannan ba jininmu ba ne. Ki zauna nan sai ya taka, in zai taka!"

Wayyo! Saki ke nan ba takarda. Farhana ta yi kuka har muryarta ta dishe, don tana son mijinta Mudasiru kamar ranta.

Washegari sai ga Mudasiru a babur, da baƙin man gareji a hannunsa.

"Ɗauko shi, Farhana, asibiti za mu."

"Hajiya fa?"

"Uwata ce, zan ba ta haƙuri. Shi kuma ɗana ne."

Nas ta duba yaron, ta girgiza kai. "Tun yana wata huɗu ya kamata ku zo. Shirun nan alama ce. Amma ku dage da gashin ƙashi da motsa jiki, akwai sa rai."

"Zai yi tafiya?" Farhana ta tambaya.

"Ban sani ba, ƙanwata."

Da suka fito, Farhana ta ga babur ya miƙi hanyar Gumbihini, unguwar su Mudasiru.

"Mudasiru, ka wuce kwanarmu! Bai taka ba fa—"

"Ni ne ƙafarsa. Gida za mu."

Shekara guda Hajiya ba ta leƙo su ba. Rannan ta zo da faɗanta, tana yin sallama sai Wumpini ya ɗago kai da kansa, ya juyo, ya washe mata baki. Tsohuwa ta durƙusa tana hawaye.

"Ku yafe mini, 'ya'yana."

Jama'a, ba kowane shirun jariri ne haƙuri ba, a kai shi a duba. Har yau Wumpini bai taka ba, amma uwarsa na ɗakinta.