Matashin Kan Wirot

Torben ne ya ɗauki matashin kai. Ranar Asabar ta farkon watan Yuli, da hantsi, ya zagaya haikalin ƙauyen Ban Khok Yang sau uku rungume da shi, a gaban mutum fiye da ɗari biyu, ana kiɗa ana rawa. A lardin Roi Et na ƙasar Thailand, idan namiji zai shiga zuhudun addinin Buddha, uwa ke ɗaukar mayafinsa, uba ya ɗauki kwanon sadaka. Matashin kai kuwa sai matarsa, ko wadda zai aura.

Shekarun Torben sittin da takwas, mutumin Denmark ne, injiniyan jirgin ruwa da ya yi ritaya. Wanda aka aske wa kai ranar shi ne Wirot, mai walda, ɗan shekara arba'in da uku. Shekara goma sha huɗu ke nan suna zaune gida ɗaya a bakin gonakin shinkafa.

Kwana uku kafin bikin, ba matashi aka ba shi ba.

Ranar Laraba ce. Ya kai buhun gawayi gidan mahaifiyar Wirot, Mae Buaphan, ya tarar da mata zube a inuwa suna naɗe ganyen ayaba. Gwaggo Lamduan, yayar marigayi mahaifin Wirot, ita ke juya komai.

"Kawu Tob! Zo nan, zo nan..." Ta miƙo masa baƙin kwano mai murfi. "Kai za ka riƙe wannan ranar Asabar."

"Ni?"

"To wa? Ubansa ya rasu. Ka fi kowa furfura, ka fi kowa tsawo. Daga kasuwa ma za a hango ka!"

Matan suka kwashe da dariya. Torben ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya yi godiya har sau uku.

Dole ya ji daɗi. Shekara goma sha huɗu Mae Buaphan tana ciyar da shi, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, amma duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Baƙon Wirot ne." Ranar jana'izar mijinta ma a rumfar baƙi aka ajiye masa kujera. Yau ga shi an sa shi cikin dangi.

Ya tarar da Wirot a shagon walda yana haddar addu'o'in da zai karanta. Ya ba shi labari yana murmushi. Wirot ya ajiye takardar.

"Ka karɓa?"

"Da hannu biyu."

"Phi Tob..." Haka yake kiransa, wato Yaya Tob. "Ka san kwanon na wane ne?"

"Na uba ne. Ta faɗa min."

"To kai ubana ne?!"

Wirot bai jira amsa ba.

"Matashin fa? Ka tambayi wa aka ba?"

"Wane matashi kuma?"

"Wayyo ni! Shekara goma sha huɗu kana zuwa bikin mutane, giya kawai kake kallo!" Wirot ya dafe kai. "Sunisa Gwaggo ta ba, 'yar ƙawarta, mai aikin jinya, wadda aurenta ya mutu bara. Duk wanda ya ga jerin gwanon nan ya gama karanta labari. Ga uwa, ga Bature mai kirki da ya riƙe shi kamar ɗa, ga amarya tana jiran ya fito."

"Sai in mayar mata da kwanonta."

"Ka karɓa a gaban mata ashirin. Ka mayar, ka zubar mata da mutunci, ta ɗauke rabin dangi ta tafi."

"To kai ka yi magana."

"Ba bikina ba ne, na Mae ne! Tun ina da shekara ashirin take jira. Ta ce ba ta son ta mutu ba ta riƙi gefen mayafin ɗanta ba. Idonta ya kusa tafiya, Phi. In tayar da rigima a kan ladan da take nema?"

A waje injin ban-ruwan maƙwabci yana ta tari.

"Shi ke nan, zan riƙe," in ji Torben. "Kwano ne dai. Zagaye uku ne, masoyina."

"Ba zagaye uku ba ne, tsohona. Sauran zamanmu ne a ƙauyen nan."

Ranar Juma'a da safe Torben ya koma gidan tsohuwar. Bai je da ƙorafi ba. Ya riga ya san a nan ba a shiga magana ta ƙofar gaba. Ya same ta ita kaɗai a kan gadon gora, tana tsince shinkafa da laluben yatsu. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa don kada kansa ya fi nata tsawo, gwiwarsa na ƙara.

"Mae, na zo a koya min yadda ake riƙe kwanon."

"Da hannu ake riƙewa." Ba ta ɗago ba. "Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya. Burodi ba abinci ba ne."

Ta tura masa kwandon shinkafa mai danƙo. Ya dunƙula loma ya ci. Can ta ce, "A haikali kan tabarma zai kwana, wata uku. Har yanzu yana munshari?"

"Kamar injin jirgi, Mae. Na yi shekara talatin a ɗakin inji, shi ya sa nake iya barci."

Bakinta ya ɗan motsa.

"Ta hagu yake kwanciya. Tun yana jariri."

"Ta dama yanzu."

"Ta hagu!"

"Ta dama, Mae. Tun da ƙarfe ya faɗo masa a kafaɗa. Idan ya juya hagu ciwo ke tashinsa, sai in tura masa tsumma a baya."

Yatsunta suka tsaya a cikin shinkafar.

"Yaushe ƙarfe ya faɗo masa?"

"Shekara tara ke nan. Ya ce kada a gaya miki."

Sannan ta ci gaba da tsinta.

"Je ka, rana ta yi. Gobe ka sa farar riga, ba wannan mai hoton kifi ba."

Ya koma gida bai san ko ya gyara ko ya ɓata ba.

Asabar da sassafe aka aske wa Wirot kai da gira, aka tara gashin a ganyen bado. Aka sa masa fararen kaya, aka ɗora shi a bayan buɗaɗɗiyar mota ƙarƙashin babbar laima, tafukansa haɗe a ƙirji. Tun daga nan ba shi da bakin magana. Masu ganga suka jeru. Gwaggo Lamduan tana ta tsara mutane da tsinin laimarta: Mae Buaphan da mayafi a gaba, Torben da kwano a gefenta, Sunisa da matashi a baya, kanta a ƙasa.

Makaɗa suka buga. Mae Buaphan ba ta motsa ba.

"Tsaya," ta ce. "Ina Thongdi?"

Ƙanenta ne, tsohon direba. Ya kutso yana goge baki.

"Karɓi kwanon nan. Kai ne kawunsa."

Thongdi ya zare kwanon daga hannun Torben. Torben ya tsaya hannu wofi, fuskarsa ta yi ja. Ya ɗauka an cire shi ke nan, har ya fara ja da baya.

"Ina za ka? Sunisa, 'yata, miƙo masa abin hannunki."

"Buaphan!" Muryar Gwaggo Lamduan ta fi ganga. "A gaban mutane?!"

"A gaban wa kike so, Yaya? Shanu?"

"Namiji ne! Bature ne! Me za a ce?"

"Abin da ake cewa shekara goma sha huɗu a bayan idona. Yau su faɗa ina ji." Ta gyara riƙon mayafin. "Wanda ya san gefen da ɗana ke kwanciya, shi zai ɗauki matashinsa."

Sunisa ta danƙa wa Torben matashin da sauri, kamar mai sauke tukunya daga wuta.

"Na gode, Kawu Tob," ta raɗa masa. "Saurayina yana cikin makaɗan can, tun jiya ba ya min magana."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wasu suka amsa, wasu ba su amsa ba. Gwaggo Lamduan ta naɗe laimarta ta fita daga layi, mutum bakwai suka bi ta. Torben ya ɗaga kai sau ɗaya. Wirot yana kallon gabansa yadda aka umarce shi, hawaye na bin kumatunsa, babu hannun sharewa.

Aka yi zagaye uku.

Yanzu kullum ƙarfe shida na safe Torben yana durƙushe a bakin hanya ba takalmi, kusa da Mae Buaphan. 'Yan zuhudu su zo a jere, Wirot ne na ƙarshe. Torben ya sa masa dunƙulen shinkafa a kwano. Ba sa haɗa ido, ba sa magana. Wirot ya karanta musu addu'a su biyun, ya wuce.

"Ya rame," in ji Torben wata safiya.

"Kai ma ka rame. Tashe ni."

Ya tashe ta. Ba ta saki hannunsa ba.

"Na je wurin shugaban haikali. Na ce ya duba mana rana mai kyau bayan ya fito a watan Oktoba. Zan ɗaura muku farin zare a hannu, ku biyu, a gidana, yadda ake yi wa kowa ranar aure."

"Mae..."

"Kada ka yi min kuka a titi, ƙato da kai!"

"Me ya ce?"

"Ya ce bai taɓa duba wa maza biyu ba. Zai yi tunani."

Mako biyar ke nan. Gwaggo Lamduan ba ta sake taka gidan ba. Shugaban haikalin bai ce a'a ba, bai kuma ba da rana ba.